Azurfar Abbo

A gidan su Hambali da ke unguwar Nukkai a Jalingo akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon tsohuwarsa, wanda ya fi kowace mace ta gidan daraja. A cikinsa akwai babban tire mai hannu biyu, da butar shayi, da cokula manya da ƙanana, duk a naɗe cikin tsohon zane. Kakansu Abbo ne ya yi wa wani Bature aikin kuku a Lau, zamanin da jiragen ruwa ke tsayawa can, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa su. Tun daga nan sunansu ya zama azurfar Abbo. Ba a cin abinci da su, ba a fito da su ko ranar Sallah, sai dai in an yi baƙo a cika masa kunne da labarinsu. Shekaru sun mai da su baƙi ƙirin, har babu mai rai a gidan da zai ce ga ainihin kalarsu.

Hashim, ƙanen Hambali, shi ya kunno wutar. Ba ya aiki, ba ya sana'a, amma babu abin da ake yi a duniya da bai gani a waya ba. Wata rana ya shigo tsakar gida yana haki, ya miƙa wa yayansa hoton wani tire.

"Hamma, duba nan! Irin namu ne sak. A Turai gwanjonsa ake yi. Wallahi muna kwana a kan arziki muna shan gari."

Hambali direban keke napep ne, kuma ya gaji da keke. Tun kafin ya gama kallon hoton ya sayi mota a zuciyarsa, ya yi wa gidan sabon rufi. Hashim ya lalubo lambar wani dillalin tsofaffin kaya a Jos mai suna Elias, shi kuma ya ce zai biyo ta Jalingo in ya tashi zagayensa, a ajiye masa kayan.

Dada Asta, uwarsu, ta jawo akwatin da kanta. Ta dubi baƙin tiren ta taɓe baki, ta ƙwala wa surukarta, matar Hambali, kira.

"Raliya! Zo ki kwashi tiren nan da cokulan. Baƙo ba zai zo ya same su kamar gindin tukunya ba, ya ce mu ƙazamai ne ya karya mana farashi. Ki sa toka da yashi ki dirje su sosai, sai na ga fuskata a ciki."

"To, Dada. Butar fa?"

"Bar min butata, turarena ke ciki."

Raliya yarinya ce mai tsabta har ta yi yawa. Tukwanenta in ta kife su a rana sai ka kare ido. Ta kai kayan ɗakinta, ta ga soson ƙarfenta ya mutu, sai ta yafa mayafi ta ɗauki jaka ta tafi Kasuwar Jalingo. Mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, yana da rumfa a layin masu kwanuka, inda yake sayar da tukwane da tire da kofuna tun kafin a haife ta. Ta gaishe shi, ta karɓi sabon soso, ta dawo. Wannan zuwa kasuwa shi ne duk laifinta a duniya.

Ta zauna bakin rijiya da toka da yashin rafi da lemun tsami, ta shiga dirza da duk ƙarfinta. Da farko abin ya yi daɗi. Baƙin ya fara tashi, wani farin haske ya fito, ga zanen ganyaye a gefe da ba wanda ya san da su. Ta ji daɗi, ta ƙara yashi. Can sai ta ga tsakiyar tiren ta soma yin ja. Ta zaci wata dauɗar ce ta ƙasa, ta ƙara danna soso. Jan ya ƙara faɗi. Kafin la'asar tiren ya zama dabbare-dabbare, nan fari, nan ja kamar tsohon kwabo, cokulan kuma bayansu duk ya yi ɗorawa.

A haka Hambali ya shigo ya same ta, ta riƙe tiren tana juya shi.

"Mene ne wannan?"

"Tiren ne. Ina wankewa sai na ga..."

"Wane tiren? Azurfa tana ja ne?"

Hashim ya fito daga ɗaki ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi da farce kamar wanda ya san abin da yake yi. "Hamma, wannan tagulla ce. Ba namu ba ne. An canza." Ya juyo ya kafe ta da ido. "Ina kika je ɗazu da jaka?"

"Wurin Baba na je, soso na karɓo."

"Wurin mai sayar da tire," in ji Hashim, a hankali, don maganar ta zauna.

Ba ta ga tahowar hannun ba. Hambali ya ɗauke ta da mari a kunnen hagu, da tafin hannu a buɗe, da dukan nauyin jikinsa. Ta ji wani abu ya fashe a cikin kanta. Ta faɗi kan bokiti, ruwan toka ya malale mata a jiki. Da ta ɗago, bakinsa na motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma muryarsa kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Wani ɗumi ya gangaro mata a wuya, ta shafa ta ga jini.

"Ɓarauniya!" Wannan kam ta ji, duk unguwar ma ta ji. "Ɓarauniya 'yar ɓarawo! Ina azurfar kakana?"

Dada Asta tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ita ta ce a sa yashi, ita ta ce a dirje, kuma tana kallon yarinyar tun hantsi a bakin rijiya. Kalma ɗaya daga bakinta da ta kashe wutar. Sai ta ce, "Ni dai baƙin tire na ba ta. Wannan ban san shi ba."

Hambali ya ja Raliya a ƙasa har ɗaki, ya ƙwace wayarta, ya sa kwaɗo ta waje. Ya ce ba za ta ga rana ba sai ta faɗi inda aka kai tiren.

Washegari ya shigo da bel. Bai fara da duka ba, sai da ya zauna bakin gado ya yi mata nasiha, wai shi ba mugu ba ne, ita ke sa shi. Ya ce ta faɗi gaskiya kawai, maganar ta mutu a ɗakin nan. Ta rantse da Allah, ta ce ya duba lotsawar da ke gefen tiren, ai da ita aka ba ta shi. Ya ce maƙera babu abin da ba su iya kwaikwaya. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ya ce wanda ya iya sata ya iya rantsuwa. Daga nan ya naɗe bel ɗin a hannu, ya bar wajen ƙarfen yana lilo. Ta kare fuska da hannuwa, ƙarfen ya sauka a yatsunta, a kafaɗa, a gadon baya. Da ta daina ihu ya tsaya, yana huci, ya ce ta yi tunani kafin ya dawo.

Maƙwabciyarsu Margaret, mai ƙaramin shagon magani a bakin layi, katangarsu ɗaya. Ta zo ta yi ta buga ƙofar gida har Hambali ya leƙo.

"Oga Hambali, me yarinyan nan ya yi maka? Tun jiya ina ji kuka. Ka bari na duba shi mana."

"Anti, maganar gida ce."

"Wane maganan gida? In ya mutu a hannunka, maganan gida ne?"

"Ki je ki ji da shagonki," ya ce, ya rufe ƙofa.

Ta tafi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurare ta da kyau, ya ce tsakanin miji da mata sai a bi a hankali, kuma tunda akwai zancen kayan gado a ciki, zai sa a kira su in ya dawo daga ɗaurin aure a Sunkani. Bai ce ga ranar dawowarsa ba.

A ranar ce kuma Hashim ya ɗauki tiren ya nufi kasuwa. Ya tsaya gaban rumfar Malam Abdulmuttalib da rana tsaka, lokacin da layin ya cika maƙil, ya ɗaga tiren sama.

"Jama'a ku shaida! Tsohon nan ya haɗa baki da 'yarsa sun sace mana azurfar gado, sun ba mu gwangwani!"

Ya sa ƙafa ya ture jerin tukwane, suka watse har cikin kwata. Tsohon ya miƙe ya bi tukwanensa. Mutumin da 'yan kasuwa ke bar wa makullin rumfa in za su yi tafiya, yau ga shi a tsugune yana tsince murafan tukwane, mutane sun yi da'ira suna kallo. Wasu sun ce ƙarya ne. Wasu suka ce to, ai ba a rasa dalili ba. Su ne suka fi yawa.

Da yamma Malam Abdulmuttalib ya zo gidan, ya yi sallama ya tsaya a zaure kamar mai roƙo. Dada Asta ta fito ta tsaya daga bayan labule.

"Dada, ku bar ni in ga yarinyar nan. In wani abu ya ɓata, ni zan ɗauka."

"Malam, a dawo da kayan marayu, sai ka ɗauki 'yarka."

"An ce min yana dukanta."

"Zuciya ce. Kayan kakansa ne, dole ya ji zafi. Mu ma an doke mu a gidan miji, ga mu nan ba mu mutu ba."

Raliya tana kwance a ɗaki ta juya kunnen dama wajen taga, ta tsinkayi muryar mahaifinta yana cewa don Allah, don Annabi. Ba ta taɓa jin ya roƙi kowa haka ba. Wannan ya fi bel ɗin ci mata rai.

Kwanakin da suka biyo baya kunnen ya kumbura. Jinin ya tsaya, ruwa mai wari ya maye gurbinsa, yana jiƙa matashi. Zazzaɓi ya rufe ta. In ta miƙe sai ɗakin ya juya da ita, ta dafa bango ta yi amai. Dada kan turo mata kunu ta ƙasan ƙofa, ta ce a ɗiga man ja a kunnen, yana warkewa. Hambali kuma kullum ya dawo daga aiki sai ya shiga ya yi tambayarsa guda. Wata rana ya shaƙe ta har idanunta suka firfito. Wata rana ya buga kanta da bango, ta wancan gefen dai, gefen hagu. In ya fito sai ya wanke hannu ya zauna cin tuwo, yana gaya wa uwarsa cewa bai taɓa ganin mace mai taurin kai irin wannan ba. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa ba, wace ɓarauniya ce za ta saci tire, ta kawo na bogi, sannan ta zauna tsakar gida tana dirzarsa a gaban kowa har asirinta ya tonu?

Ana cikin haka Elias ya iso, wani gajeren mutum mai furfura da jaka a kafaɗa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Hashim ya fara ba shi haƙuri, ya ce babban kayan an sace, saura buta. Dada ta juye turarenta a ƙyalle, ta miƙo butar da hannu biyu.

Elias ya auna nauyinta a tafinsa. Ya kifa ta, ya ciro ɗan gilashi ya manna a ido, ya daɗe yana duban wasu ƙananan tambura a gindinta. Ya buɗe murfin ya duba wajen maƙalin, ya shafa ƙasan hannun inda yatsu suka saba kamawa.

"Mama, wannan ba azurfa ba ne. An shafa mishi ruwan azurfa ne kawai."

"Kamar yaya?" in ji Hambali.

"Oga, zo ka gani." Ya nuna masa ƙasan hannun butar, inda wani ɗan ja ya leƙo ta cikin baƙin. "Ciki tagulla ne. Azurfan a sama yake, bai kai bawon albasa kauri ba. Na Ingila in azurfa zalla ne, za ka ga ƙaramin zaki an buga a gindi. Wannan babu zaki, sai haruffa da tambarin kamfani. Turawa suna yin shi da yawa, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya sha shayi kamar babban mutum."

Idonsa ya kai kan tiren da aka jingine a bango. "Wancan fa?"

"Shi ne na bogin da aka musanya mana," in ji Hashim.

Elias ya jawo shi ya kifa, ya sa gilashinsa. Ya ɗora butar a kai, ya jera ganyen gefenta da ganyen gefen tiren. Sannan ya ɗago.

"Wa ya ce maka an musanya? Tambari ɗaya ne, zane ɗaya ne. Tare aka yi su, tare suka zo. Wannan shi ne tirenku." Ya shafa tsakiyar da yatsa, ya girgiza kai. "Kai! Wa ya sa mishi yashi? An kankare azurfan duka. Irin wannan ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi ne kawai. Da ma kun bar shi da baƙinsa, masu otal suna so don ado, da na saya duka, ko da yake ba kuɗin mota ba ne, kada ku sa rai. Yanzu kam tiren sai 'yan gwangwan, a kilo."

Dada Asta ta sunkuyar da kai tana jan carbi da sauri. Hashim ya zaro waya ya shiga latsawa. Daga ɗakin da ke kulle aka ji wani nishi, Elias ya waiwaya ya ga kwaɗo a ƙofa, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya fara tattara kayansa.

Mai hankali zai zaci a nan Hambali zai ji kunya. Ina! Motar da ya saya a zuciya ce aka ƙwace masa, kuma dole wani ya biya. Ya miƙe ya buɗe kwaɗon, ya finciko Raliya waje, tana tangaɗi, hasken rana na kashe mata ido.

"Kin ji? Ko ba ki sata ba, ke kika lalata shi! Ke kika kankare mana arziki da hannunki!"

Ya ɗaga tiren zai rafka mata. Elias ya yi tsalle ya riƙe hannunsa, suka yi kokawa, tiren ya faɗi yana ƙara a siminti. Ƙarar ce ta shigo da Margaret, wannan karon ba ta tsaya sallama ba, da matan layin a bayanta. Da suka ga fuskar Raliya, wata ta sa salati, wata ta fashe da kuka. Margaret ta cire ɗankwalinta ta rufa mata, ta dubi Hambali.

"Ka taɓa shi kuma, ka gani. Wallahi yau sai dai ka kashe mu duka."

Suka fita da ita a kafaɗa. Dada Asta ta bi su da murya, wai a yi a hankali kada a tara musu jama'a.

A asibiti likita ya duba ya ce dodon kunnen ya fashe tun marin farko, kuma da an kawo ta a lokacin da an ceto wani abu. Yanzu ƙwayar cuta ta ci ciki. Za a kashe ciwon, amma ji kam, na hagu ya tafi.

Bayan ta ɗan murmure a gidan mahaifinta, Hambali ya zo biko. Ya sha farar shadda, ya riƙo ledar lemu. Kafin zuwansa gidansu sun riga sun gama shirya maganarsu: sharrin Shaiɗan ne, ƙaddara ce, Hashim yaro ne, Dada tsufa ya kama ta, kuma kowa a matsayinsa haka zai yi. Malam Abdulmuttalib ya bar shi da Raliya a zaure, ya koma daga waje ya zauna.

Hambali ya matso kusa da ita a kan tabarma. Ya leƙa ƙofa ya ga mutane na wucewa, sai ya sassauta murya can ƙasa, ya sunkuyo ya yi magana. Ta hagunta ya zauna. Raliya ta ga leɓɓansa na motsi, ta ga ya haɗa tafin hannu, ta ga ya gama yana jiran amsa.

"Ban ji ba," ta ce. "Wannan kunnen ka kashe shi."

Ya sauke hannuwansa.

Ta juyo masa da na dama. "In cewa ka yi ban yi sata ba, ba ni kaɗai zan ji ba. Ranar da ka kira ni ɓarauniya, har bakin titi an ji. Ƙanenka ya kira Baba ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Gobe ku je layin masu kwanuka, kai da shi, da tiren a hannu, ku faɗa da irin muryar da kuka faɗi wancan. Daga nan sai mu yi maganar aure."

Wannan karon ya ɗaga murya, ta kuwa ji shi sarai.

"Haba Raliya, a kasuwa? Gaban mutane? Ki rufa min asiri mana."

Ta dube shi har ya kawar da kai. Sannan ta dafa bango ta miƙe, don har yanzu ƙasa kan juya da ita, ta shige cikin gida. Ledar lemun tana nan inda ya ajiye ta.

Ba su je kasuwar ba, har yau. Tiren yana kan rufin kicin ɗin Dada Asta, tana shanya kuɓewa a kai, ta ce ba abin da ya kai shi saurin busarwa. Hashim ya gano wani sabon arzikin a waya. Hambali yana gaya wa abokansa a tashar keke cewa matarsa ta yi yaji a kan ɗan saɓani, mata ba su da haƙuri. A layin masu kwanuka kuwa, waɗanda suka ji ihun Hashim ba su taɓa jin bayanin Elias ba, kuma an daina bar wa Malam Abdulmuttalib makulli.

Zagin da aka yi musu, duk Jalingo ta ji. Haƙurin da aka bayar sau ɗaya ne, cikin raɗa, kuma a mataccen kunne aka zuba shi.